Saƙon Muryar da Aka Kunna a Barmu

Tawa, ranar Litinin da la'asar.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ko da yake yau kwana shida ke nan ba ka tsaya mun gaisa baki da baki ba. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a ɗakin abokinka Bashir inda ka koma da kwana, Ya kuma tsare ka a tafiyar da ke gabanka. Na san kar ɗin Yamai, babbar motar nan, zai ɗauke ka ranar Alhamis da asuba, na san kuma aikin da ka samu ba ya jira. Kwana biyu cikakku suka rage mana, shi ya sa ba zan ɓata takarda da labarin gida ba.

Da na so, da na danna waya na yi maka magana ka saurara. Na ƙi, don murya ce ta kai mu inda muke. Na zaɓi alƙalami saboda shi yana jira mutum ya yi tunani kafin ya tafi. Ka yi haƙuri da rubutun mai gyaran rediyo.

Bari in faɗi abin da ya faru yadda yake, don kada ka ce na ƙara gishiri. Ka je ƙauyenmu Barmu ka gaya wa goggonka Hajo cewa ka samu aiki. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta riƙe ka tun kana shekara biyu har ka isa shiga lakol, makarantar boko, lokacin da uwarka ke fama da jinya. Ka yi kwana uku a gidanta. Da ka dawo Tawa kuka shiga restora da abokanka, aka kawo maka kaza da dankali, ka ɗauki waya ka yi wa Bashir saƙon murya. Yatsanka ya kuskure, saƙon ya faɗa guruf ɗin dangi. Na saurare shi sau ɗaya, kuma sau ɗayan ya ishe ni in haddace: “Kai Bashir, kwana ukku niy yi ina shan hura awa maraƙi. Hura da sahe, hura da marece, tsohuwa na damawa da hannu, ƙudaje na rakiya. Sai yau nic ci abincin mutane.”

Ka goge, na sani. Amma ka manta yadda ake sauraron waya a Barmu. Can ba a kara ta a kunne. Waya ɗaya ce a gidan, idan murya ta zo daga Tawa sai a tara mata a gindin bishiyar bedi, a ƙure sauti, kowa ya ji rabonsa. Da suka ga sunanka, aikawa aka yi musamman aka kira goggonka daga wurin daka, aka ce ta zo ta ji muryar ɗanta. Ta zo tana share hannu a zane, aka matsa mata a tsakiyar tabarma, sannan aka kunna.

Kai kuma ka ce za ka aika mata wani saƙon na ban haƙuri, magana ta ƙare. A kan haka muka yi faɗa. Abin da nake nema gare ka ɗaya ne: ka je Barmu da ƙafarka kafin Alhamis. Idan ka shiga kar ɗin nan ba ka je ba, shekara guda za ka yi kafin ka samu hutu, goggonka kuwa ta haura saba'in, kuma ka ga yadda numfashinta yake a damina.

Ba zan zauna ina yi maka wa'azi kamar wanda bai taɓa zubar da miya ba. Bakin nan naka gadona ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka tashi a shagona kana jin ina yanke wa duniya hukunci da ƙarfen dalma a hannu: wayar wane ta banza ce, fim ɗin jiya shirme ne, mai shinkafar bakin tasha ba ta iya miya ba, mutumin ƙauye ko ya shekara goma a birni sai ka gane shi a tafiya. Mutane na dariya, kai kana koyo. To bari in gaya maka abin da bakin nan ya ci mini, abin da ban taɓa faɗa a shago ba.

Ina da shekara ashirin da uku na dawo daga bida ta farko, neman kuɗi a Abijan. Na zo da wando mai faɗin ƙafa da agogo da kan da ya fi hulata girma. Kakanka, Allah Ya jiƙan sa, ya zo kasuwar dabbobi ta Tawa sayar da rago, sai na ce yau zan nuna masa yadda ake cin abinci a birni. Na kai shi wani gidan abinci kusa da ofisoshi, inda ma'aikata ke ci da cokali mai yatsu. Aka ajiye mana faranti biyu. Tsohon ya juya ya bi teburan nan ɗaya bayan ɗaya yana cewa bismilla, bismillanku. Wasu suka amsa, wasu suka yi murmushi. Bai tsaya nan ba. Ya hangi wani Buzu a bakin ƙofa riƙe da igiyar raƙumi, ya ɗaga murya ya ce ya shigo su sa hannu tare. Kunya ta kama ni har wuya. Na kama hannun rigarsa na ce, “Baba, nan ba a yin haka. Nan ba gida na ba.” Ya dube ni, ya dubi farantin, ya ce, “To, wurin da ba a cewa bismilla ba wurin cina na ba. Ci abinka, ina jiranka waje.” Ya fita ya tsuguna a inuwar bango kusa da Buzun, suka raba goro. Abin da ya fi ci mini rai har yau, Nasiru, ban bi shi ba. Na zauna na cinye nawa, don kada ma'aikata su ce ɗan ƙauye ya gudu. Har ya rasu bai ƙara cin abinci tare da ni a Tawa ba. Idan ya zo, da guzurinsa yake zuwa.

A Yamai za ka ci a wurare masu sanyi da madubi, ka ci, halak ɗinka ne. Ni ma ina son kaza, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma idan wani naka ya zo daga gida, ka kai shi inda zai ƙoshi, kada ka kai shi inda za ka nuna masa ka waye. Idan ya yi abin da masu teburin gefe suka yi wa murmushi, ka tuna ba za ka sake ganinsu ba, shi kuwa shi zai wanke gawarka ko kai ka wanke tasa.

A shekarar nan dai na yi ta biyu, kuma goggonka ce ta sha ta. Na zo da talabijin da bidiyo da ɗan injin wuta, na kafa a ƙofar gidanmu a Barmu bayan sallar magariba. Garin ya taru. Fim ɗin Indiya ne, irin wanda yaro ke ɓacewa a kasuwa uwarsa ta yi ta nema har ta tsufa. Ni na kalle shi ya fi sau goma a Abijan, saboda haka na tsaya gefe ina fassara, ina faɗin abin da zai faru tun bai faru ba, ina gaya wa mutane jinin nan jan ruwa ne. Can sai na ji shessheƙa a cikin mata. Na haska tocila, na ga Hajo ce. Na ce da ƙarfi, kowa na ji, “Yaya, mi kike ma kuka? Wasa na, biyansu anka yi.” Samari suka kwashe da dariya. Ta goge ido da bakin gyale ta ce, “Na san ƙarya ta, Hamidu. Amma uwad da ɗanta yab ɓace, wagga ba ƙarya ta ba.” A lokacin na tuna cewa wata huɗu kafin dawowata ta binne ɗanta na fari. An aiko mini da labarin, na yi ta'aziyya a baki, na manta. Ta zauna har fim ya ƙare, ba ta sake ɗaga kai ba.

Ka kalli abin da kake so, ka yi gardama da abokanka a kan wane fim ya fi wane, wannan daɗin zama ne. Sai dai idan ka ga mutum yana kuka a kan abin da kai ka raina, ka rufe bakinka tukuna. Ba ka san abin da ya zo da shi daga gida ba.

Ta ukun ita ce ban taɓa gaya wa ko uwarka ba. A tafiyata ta biyu Abijan, zamaninmu ba waya. Kaset muke aikowa. Mutum ya zauna gaban rediyo ya yi magana, gefe biyu, ya ba mai komawa gida ya kai. Na yi wa kakarka, Innata, kaset guda. A raina ina so in kwantar mata da hankali ne, ta san ɗanta ba ya jin yunwa. Amma abokai na zaune a ɗakin suna zuga ni, baki kuma ya samu fili. Na yi ta lissafa mata aceke, dambun rogon can, da kifi da burodi mai man shanu, na ce a nan ruwa daga bango yake fitowa, na ce wanda ya zauna ƙauye ya binne kansa da rai. Sannan na ce, ina dariya, tun da na zo ko sau ɗaya ban yi kewar furar gida ba. Ƙarya nake yi. Akwai ranakun da zan ba da agogona a kan ludayi ɗaya na furarta.

Kaset ɗin ya isa. Inna ba ta da wani abu nawa sai shi. Hajo ta gaya mini daga baya cewa duk ranar Juma'a sai ta aro rediyon liman ta saurara, idan batir ya yi sanyi ta shanya shi a rana ta sake sawa. Ta san inda maganar furar take. Idan an kusa wurin sai ta tashi ta ce za ta duba awaki, ta dawo bayan ya wuce. Shekara biyu tana haka. Ni kuma ina can ina cewa wata mai zuwa zan yi mata sabon kaset, in ce wasa nake yi. Har na sayi kaset ɗin. Yana cikin ledarsa aka zo mini da labarin rasuwarta.

Shekara talatin ina buɗe cikin na'urori, na san abu ɗaya game da su. Maganar baki iska na rage mata zafi, wanda ya ji yakan manta rabi, yakan ce ƙila ba haka ya nufa ba. Na'ura ba ta da wannan kirkin. Yadda ka faɗa haka za ta maimaita, da dariyar da komai, yau da gobe da bayan ka mutu. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma sun faɗi haka tun ba su ga waya ba. Ka sayi mai kyamara uku idan albashi ya zauna, ba ruwana. Amma kada ka danna ta kana cikin abokai ana dariya, kuma kada ka faɗa mata abin da ba za ka iya faɗa a gindin bedin Barmu ba, domin ƙarshenta can za ta kai shi.

Shi ya sa da ka ce za ka aika saƙon ban haƙuri na ji kamar an taka mini tsohon miki. Ka yi tunani. Wayar dai ita ce, tabarmar ita ce, matan su ne. Za a sake kiran ta daga wurin daka ta zauna a tsakiya, kowa na satar kallon fuskarta, a kunna haƙurinka a bainar jama'a, dole ta ce ba komai don idon mutane. Wannan ba ban haƙuri ba ne, karo na biyu ne za ka zaunar da ita a gaban gari. Zumunta a ƙafa take.

Ta huɗun kuma sabuwa ce, kwananta shida. Na tare ka a ƙofar shago gaban abokanka da masu kabu-kabu, na ɗaga murya, na ce ka tafi Yamai ɗin, kada ka yi mini sallama. Na yi maka abin da nake tuhumarka da shi, na kunyata nawa a gaban mutane. Ba da kai kaɗai nake faɗa ba a ranar, muryata ta da nake ji a bakinka. Na janye maganar nan, Allah shaida ne, kuma ina neman ka yafe mini. Ka ga, tsufa bai warkar da ni ba. Kai ka fara magani da wuri.

Za ka ji samari a Yamai suna zagin garuruwansu don a ce sun waye, wani ma har ya canza harshe, ya daina cewa hura. Birni na da daɗi, ba na musu. Akwai likita kusa, akwai wuta, ba mai tambayarka ɗan wane ne kai. Amma wannan na ƙarshen daɗi ne ranar lafiya kawai. Na yi zazzaɓi na kwana tara a Abijan a ɗaki mai ruwan bango, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ka yabi birni yadda ka ga dama, ba sai ka haɗa da zagin inda aka yi maka wanka ba.

Jiya Lahadi na rufe shago na bi motar 'yan kasuwa zuwa Barmu, yau da hantsi na dawo. Na tafi ina shirin tarar da fushi. Na so ma in tarar da shi, don fushi ana lallashinsa. Da na isa na same ta zaune a ƙofar ɗaki. Turmi na kife a gefe. Maƙwabciyarta ta ce mini tun ranar ba ta ƙara dama wa baƙo fura ba, ko ni ruwa kawai ta ba ni da goro. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

Ta ce, “Hamidu, yaron ba shi da laihi. Ni ta ban lura ba. Kwana ukku yana sha yana shiru, ashe ƙyama shikai. Ka ce mai shi yi haƙuri, ban san wani abinci ba sai hura.”

Na ce, “Yaya, ƙuruciya ta, ba har zuci yaf faɗi ba.”

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshi a tsohon zane, ta kwance a gabana. Taliya ce leda uku, da kifin gwangwani biyu, da kwalin shayi. Ta sayar da kazarta mai ƙwai, ta je kanti da kanta ta tambayi mai kantin abin da mutanen birni ke ci. Duk ɗan gidanmu da ya taɓa fita bida, da dawon furar Hajo ya fita, ni ma da shi na fita sau biyu. Kai ne na farko da ta ji kunyar yi wa. Ta tura mini ƙunshin ta ce in kai maka guzuri, ta ce, “Wanga dai na san ba hannuna cikinai.”

Ban karɓa ba. Na ce mai guzuri zai zo da kansa. Na faɗi haka ban san ko gaskiya na faɗa ba. Ta ce idan da gaske za ka zo, in sanar da ita da wuri, don ta aika gidan maitir, malamin lakol, a aro mata faranti da cokali.

Nasiru, matar nan da yatsanta ta fara sa maka abinci a baki. Na ji tsoro a rayuwata, amma ban taɓa jin irin na jiya ba, don na ga Inna zaune a wurin, ni kuma na san yadda wancan labarin ya ƙare.

Gobe Talata motar Barmu na tashi daga tasha da ƙarfe bakwai. Na kama wuri biyu a gaba. Ba zan zo ɗakin Bashir ba, ba zan aiko kowa ba, ba zan kira ka ba. Idan ka zo, ba sai ka ce mini komai ba. Ita ma ba dogon jawabi take bukata ba. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce kana jin yunwa, ka ce ta dama maka, ka ɗauki ƙwaryar ka sha a gabanta har ta ce ya isa. Mu kwana, Laraba mu dawo, ka ɗaure kayanka. Idan kuma ba ka zo ba, ni zan tafi, don na riga na yi mata alkawari, sai in san abin da zan ce mata a hanya.

Ko ka zo ko ba ka zo ba, addu'ata na tare da kai, ba na sa mata sharaɗi. Allah Ya kai ka Yamai lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da abokai masu tsoronSa. Allah Ya sa albarka a abin da za ka ci da wanda za ka ciyar. Ya tsare maka harshenka fiye da yadda na tsare nawa, Ya dawo mana da kai muna raye, ka same mu duka. Uwarka na gaishe ka, ta ce ta wanke maka riguna.

Ban aika wa goggonka cewa za mu zo ba. Da gangan na yi. Ina so ka isa kafin ta aro cokalin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Hamidu